GeneXpert: Yadda ake saita na'urar gwajin tarin fuka, da abubuwan da ke durƙusar da ita a asibitocin Najeriya

GeneXpert na'ura ce mai sarrafa kanta wadda ake amfani da ita a ɗakunan gwaje-gwaje domin gano ƙwayar cuta ta hanyar karanta sinadarin halittarta. A Najeriya an fi saninta da gwajin tarin fuka, wato tibi. Ma'aikaci ya zuba kakin majinyaci a cikin wani ɗan kwanson roba, ya saka kwanson a na'urar, ya rufe ƙofa, kafin sa'o'i biyu su cika sakamako ya bayyana a kan kwamfuta: ko akwai ƙwayar tibi ko babu, in kuma akwai, ko tana jin maganin rifampicin ko ta bijire masa.

Wannan sauƙin da ake gani daga waje shi ke ruɗar mutane. A cikin akwatin akwai injinan lantarki ƙanana, da ma'aunan zafi, da idanun haske, da allunan lantarki masu ba su umarni, kuma kowannensu yana da sharaɗin da sai an cika masa zai yi aiki daidai. Ranar ƙaddamarwa kowa yana zuwa, a yanka kyalle, a ɗauki hoto. Abin da ke faruwa da na'urar bayan wata goma sha takwas shi ne ba a cika tambaya ba.

Girman matsalar shi ya sa batun ya wuce na injiniyoyi kawai. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu tarin fuka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa kusan mutum rabin miliyan ne suka kamu da cutar a ƙasar a 2023, yayin da waɗanda aka gano aka yi wa rajista a shekarar suka haura 360,000, daga kimanin 138,000 a 2020. Ragowar suna gida, suna tari, kuma mai tibi da ba ya shan magani yana iya yaɗa ta ga mutum 5 zuwa 15 a shekara guda. Kafin zuwan wannan na'ura, dogaron asibitoci yana kan madubin likita, wanda ba ya ganin ƙwayar sai ta kai dubbai a cikin mililita ɗaya na kaki, kuma ba ya faɗin komai game da bijirewa magani. Rainon ƙwayar a ɗakin gwaji kuwa yana cin makonni.

Daga wasiƙun guba zuwa ɗakin gwaji

Kamfanin Cepheid na jihar Kalifoniya a Amurka, wanda aka kafa a 1996, shi ke ƙera na'urar. Fasahar ta samu babbar kasuwarta ta farko bayan 2001, lokacin da aka aika wasiƙu ɗauke da ƙwayar anthrax ta gidan waya a Amurka, hukumar gidan wayar ta nemi hanyar tantance wasiƙu ba tare da jiran masana ba. Daga baya kamfanin ya haɗa hannu da gidauniyar FIND da masu bincike a wata jami'ar likitanci ta jihar New Jersey aka samar da kwanson gwajin tibi mai suna Xpert MTB/RIF, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a Disamban 2010. Na'urorin farko sun iso Najeriya a 2011 da tallafin masu ba da agaji, a 2016 kuma ƙasar ta mayar da gwajin ya zama na farko ga duk wanda ake zargin yana da tibi. A wannan shekarar ce kamfanin Danaher ya sayi Cepheid a kan kimanin dala biliyan 4. A 2017 aka amince da sabon kwanso, Xpert Ultra, wanda ya fi na farko gani da sauri.

Abin da ke cikin akwatin

Samfurin da ya fi yawa a asibitocin ƙasar nan shi ne mai gurbi huɗu. Kowane gurbi inji ne mai zaman kansa, yana da ƙofarsa da allon lantarkinsa, don haka ana iya fara gwaji a gurbi na ɗaya da ƙarfe tara, na biyu da tara da rabi, ba tare da wani ya jira wani ba. Haka nan gurbi guda zai iya mutuwa sauran uku su ci gaba da aiki. Wannan alheri ne, amma yana da wata illa da za a zo kanta.

Kafin a kai ga na'ura, ma'aikaci yana haɗa kakin da wani ruwan sinadari, kashi biyu na ruwan a kan kashi ɗaya na kaki, ya girgiza, ya bar shi minti 15 domin ya narke kuma ƙwayoyin su raunana. Sai ya ɗebi mililita 2 ya zuba a kwanso. Daga nan hannun mutum ya fita. A cikin gurbin, wani ɗan sanda yana saukowa ya riƙa tura ruwa kamar yadda ake tura sirinji, wani inji a ƙasa yana juya bawul ɗin kwanson domin ruwan ya bi ta ɗakunan da aka tsara masa ɗaya bayan ɗaya. Akwai wani ƙarfe mai girgiza da sautin da kunne ba ya ji, wanda ke fasa ƙwayoyin cutar sinadarin halittarsu ya fito. Daga ƙarshe ruwan yana shiga wani siririn bututu a bayan kwanson, wanda ke zaune tsakanin farantai biyu masu ɗumama shi, fanka kuma tana sanyaya shi, a yi ta maimaita hakan sau da dama har sinadarin ya ninku ya kai yadda za a iya ganinsa. Idanun hasken gurbin su ke karanta ƙyallin da ke fitowa.

Duk aikin ya rataya ne a kan daidaito. Idan farantin ya yi zafin da ya saɓa wa abin da ma'auninsa ke faɗa, ko ƙura ta zauna a kan idon hasken, ko sandan ya yi tauri, to ko dai gwajin ya tsaya, ko kuma abin da ya fi muni, sakamako ya fito wanda ba a iya dogara da shi.

Na'urar ba ta da ƙwaƙwalwar yanke hukunci ita kaɗai. Tana haɗe da kwamfuta ta hanyar waya, kuma manhajar da ke kan kwamfutar, GeneXpert Dx, ita ke ba gurabe umarni tana kuma ajiye sakamako. A wurin saiti, injiniya yana loda wa manhajar fayil na musamman ga kowane irin gwaji, domin umarnin da ake bi a gwajin tibi daban yake da na auna yawan ƙwayar HIV a jini ko na korona. Idan ba a loda fayil ɗin Ultra ba, na'urar ba za ta karɓi kwanson Ultra ba ko da an kawo shi kwali-kwali. Ana saita kwanan wata da lokaci, a buɗe wa kowane ma'aikaci sunansa da lambar sirrinsa bisa matakai uku na izini, a kuma bar saitin sadarwar da ke tsakanin kwamfutar da na'urar yadda kamfani ya tsara shi. Ƙa'ida ita ce kada a yi wani aiki da wannan kwamfuta ban da gwaji. A asibitin da ita kaɗai ce kwamfuta mai lafiya a sashen, kiyaye wannan ƙa'ida yana da wuya: wannan ya zo buga takarda, wancan ya soka filas ɗinsa, cutar kwamfuta ta shiga. Lambar sirri guda da kowa ke amfani da ita kuma tana sa a kasa gane wanda ya yi wane gwaji idan matsala ta taso.

Wuta, zafi da ƙura

Kamfanin ya ƙayyade cewa na'urar ta yi aiki a ɗakin da zafinsa ke tsakanin digiri 15 zuwa 30 a ma'aunin Selsiyos, kwansunan kuma a ajiye su tsakanin digiri 2 zuwa 28. Duk wanda ya taɓa yin watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Kano ya san abin da wannan ke nufi: a bazara zafin rana yana haura digiri 40, ɗakin da aka rufa da kwano kuwa ya fi haka. Ke nan a arewacin ƙasar na'urar sanyaya ɗaki wani ɓangare ne na injin gwajin. Idan ta lalace, fankar gurbin tana jawo iska mai zafi ne tana hura wa bututun da ake so ya huce, sai gurbin ya kasa sauko da zafi a kan lokaci ya soke gwajin. Ɗakin ajiyar kwansuna ma haka, kuma shi aka fi mantawa da shi, domin lalacewar sinadari ba ta nuna kanta a ido.

Na'urar sanyaya ɗaki kuma tana son wuta, kuma ta fi na'urar gwajin ci nesa ba kusa ba. Ita GeneXpert ba ta da cin wuta sosai, abin da ba ta jurewa shi ne yankewa. Idan aka ɗauke wuta gwaji yana tsaka, ba ya ɗorawa daga inda ya tsaya. Kwanson ya tashi a banza, domin sau ɗaya ake amfani da shi, kuma idan gurabe huɗu ne ke aiki, huɗun duka sun tafi. In akwai ragowar kakin da aka haɗa ana iya maimaitawa cikin 'yan sa'o'i. In babu, sai a nemi majinyacin ya sake kawo wani, alhali wataƙila daga wani ƙauye mai nisa aka ɗauko samfurinsa a kan babur. Shi ya sa ake haɗa kowace na'ura da batirin riƙe wuta wanda zai iya ɗaukar ta aƙalla tsawon gwaji guda, a wurare da dama kuma an sanya faifan sola da inbata. Sai dai batir yana da shekarunsa, zafi kuma yana rage masa su. Batirin da ya riƙe wuta sa'o'i biyu ranar da aka kawo shi yana iya komawa minti goma ba tare da kowa ya lura ba, sai ranar da aka buƙace shi. Hawa da saukar ƙarfin wuta, musamman lokacin sauyawa daga wutar gwamnati zuwa janareto, yana katse magana tsakanin kwamfuta da gurabe, wani lokaci ya ƙona allon lantarki. A ƙarshen Oktoban 2024 yawancin jihohin arewa sun shafe sama da mako guda babu wutar gwamnati saboda lalacewar manyan layukan dakon lantarki. A irin wannan yanayi, ɗakin gwajin da ba shi da sola mai lafiya ko kuɗin man janareto rufewa yake yi.

Na uku shi ne ƙura. Fankokin na'urar suna jawo iska ta cikin wata 'yar matata a bayanta. Da hunturu ya kama, matatar tana toshewa da wuri, iska ta ragu, zafi ya taru a ciki, ƙurar da ta samu wucewa kuma ta zauna a kan idanun haske. Ɗakin da ake buɗe tagoginsa saboda na'urar sanyaya ɗaki ta mutu ya haɗa matsala biyu a lokaci guda. Akwai kuma ɗabi'ar jingina na'urar da bango ko ɗora takardu a kanta, wadda ke toshe hanyar iskar.

Kulawar da ba ta buƙatar injiniya, da wadda ke buƙata

Yawancin aikin kulawa ma'aikacin ɗakin gwaji ne ke yin sa, kuma ba shi da tsada. Kullum a goge teburin aiki a fitar da kwansunan da aka gama da su. Duk mako a kashe na'urar da kwamfutar a sake kunna su. Lokaci-lokaci bisa jadawalin kamfani a goge cikin gurabe da sandan turawa da ruwan bilic da aka sirka sannan a bi da sinadarin ethanol mai ƙarfin kashi 70, a wanke ko a sauya matatar fanka, a share ramin idon haske da ɗan burushinsa, a kwashe tsofaffin sakamako a adana su a wani wuri. Kowane aiki yana da gurbi a takardar kulawa inda ake sa hannu da kwanan wata. Wannan takarda tana daga cikin abubuwan da suka fi faɗin gaskiya a ɗakin gwaji, musamman idan aka ga an cike wata uku da alƙalami ɗaya da rubutun hannu ɗaya a zama ɗaya.

Aikin da ya fi ƙarfin ma'aikaci shi ne tantance awo. Kamar yadda sikelin mahauci ke kaucewa da yawan aiki, haka ma'aunan zafi da na haske na kowane gurbi ke kaucewa a hankali. Saboda haka ake duba su sau ɗaya a shekara, ko bayan gwaji 2,000 a gurbi, duk wanda ya riga zuwa. Gurbin da ke yin gwaji huɗu a rana, kwana 250 a shekara, 1,000 ya yi, don haka a yawancin asibitoci shekarar ce ke riga cika. Ana yin wannan da wasu kwansuna na musamman da ake kira Xpert Check. A saka su a gurabe, a aika bayanan da suka fito zuwa kamfani, kamfani ya dawo da hukunci. Gurbin da ya ci jarabawa a ba shi takardar shaida, wanda ya faɗi a rufe shi har a kawo madadinsa. Ba a gyara gurbi a kasuwar 'yan waya. Ciro shi ake yi a sa wani, kuma sabon daga hannun kamfani ko wakilinsa kaɗai yake fitowa, da kuɗin waje.

Nan ne illar da aka ambata a baya take. Na'ura mai gurbi huɗu tana iya yin gwaji 12 zuwa 16 a ranar aiki ta sa'o'i takwas. Idan gurbi biyu suka mutu, ta koma 6 zuwa 8, in uku ne, 3 zuwa 4. Amma fitilarta tana ci, kuma a rahoton da za a kai wa kwamishina za a rubuta ta cikin na'urori masu aiki. Samfura su taru a firji, sakamakon da ya kamata ya fito yau ya kai kwanaki, wasu likitocin su gaji su koma wa madubi. Saboda haka idan jami'i ya ce jiharsa tana da na'urori kaza, tambayar da ta dace ita ce gurabe nawa ne ke aiki a cikinsu, kuma tun yaushe matattun suka mutu.

Na'urar da kanta tana ba da shaida

Idan gwaji bai kammala ba, manhajar tana rubuta ɗaya daga cikin hukunci uku, kuma kowanne yana nuna wurin da laifin yake. Na farko shi ne kuskure, wanda ke zuwa da lamba: akwai lambobin da ke nuna kaki ya yi kauri ko ba a zuba shi daidai ba, akwai na zafi, akwai na katsewar sadarwa. Na biyu shi ne sakamako marar inganci, wato sinadarin sa-ido da ke cikin kwanson bai nuna abin da ya kamata ba, sau da yawa saboda samfurin ko yadda aka ajiye kwanson. Na uku shi ne babu sakamako, wanda galibi yankewar wuta ce ko wani ya dakatar da gwajin. Mizanin da ake bi shi ne kada jimillar waɗannan ta wuce kashi 5 cikin 100 na gwaje-gwaje. Idan kurakurai suka taru a gurbi guda, gurbin ne. Idan suka taru a hannun ma'aikaci guda, horo ne ya yi ƙaranci. Idan suka hau a watan Afrilu suka sauka da damina, ɗakin ne.

Waɗannan bayanai ba a ɗakin gwaji kaɗai suke zama ba. Najeriya tana cikin ƙasashen farko da suka haɗa na'urorinsu da tsarin GxAlert, wanda ke aika sakamako da rahoton lafiyar gurabe ta intanet zuwa ga shirin yaƙi da tarin fuka na ƙasa. Ma'ana, muddin akwai data a layin kuma an kunna na'urar aikawa, jami'i a Abuja zai iya ganin gurbin da ya daina aiki a wani asibiti a Katsina ko Yobe. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa ma'aikatar lafiya ta tarayya ya nemi irin waɗannan alƙaluma, kuma ta ba ma'aikatar kwana bakwai ta amsa.

Wa ke biya?

A farashin rangwame da ake sayar wa ƙasashe masu yawan cutar, na'ura mai gurbi huɗu da kwamfutarta ta shafe shekaru a baya tana kan kimanin dala 17,000. Kwanso guda ya tsaya a dala 9.98 tun daga 2012, bayan gwamnatin Amurka da Unitaid da gidauniyar Gates sun biya kamfanin domin ya sauko da shi daga dala 16.86. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta shafe shekaru tana neman a mayar da shi dala 5, tana dogaro da wani bincike da ta sa aka yi a 2019 wanda ya nuna kuɗin ƙera shi bai kai haka ba, wani binciken na 2021 kuma ya lissafa cewa aƙalla dala miliyan 252 na kuɗin jama'a da na agaji ne suka shiga samar da fasahar. A Satumban 2023 Danaher ya rage farashin kwanson tibi zuwa dala 7.97. A shekarar ce kuma aka saki darajar naira, don haka ga duk wanda zai biya daga aljihun gwamnatin Najeriya, ragin bai kai asarar canji ba.

Na'urar tana zuwa da garanti na ƙayyadadden lokaci. Bayan ya ƙare, ko a sayi ƙarinsa, ko a shiga yarjejeniyar da ake ɗora ɗan kuɗi a kan kowane kwanso domin kamfani ya ɗauki nauyin gyara da sauya gurabe, ko kuma a zauna ana kallon gurabe suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. A Najeriya mafi yawan wannan nauyi, daga sayen kwansuna zuwa jigilar samfura, asusun Global Fund da hukumar USAID ne suka ɗauke shi shekara da shekaru. A Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje, kafin tsakiyar shekarar kuma aka rushe USAID. A Abuja ne shugabannin Afirka suka yi alƙawari a 2001 cewa za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu ga lafiya, kuma gwamnatin tarayya ba ta taɓa kai wa wannan mizani ba. Ko a cikin abin da ake warewa, sayen sabon kaya ya fi jan hankali, saboda kwangila ce mai hoto. Batir, matata, man janareto, gyaran na'urar sanyaya ɗaki da kuɗin data suna faɗawa ƙarƙashin kuɗin gudanarwa na yau da kullum, wanda shi ne farkon abin da ake riƙewa idan kuɗi suka yi ƙaranci. Kuma yawancin manyan asibitocin da na'urorin ke zaune a cikinsu na jihohi ne, don haka wutar ɗakin da sanyinsa haƙƙin gwamnatin jiha ne ko da wani ne ya sayi injin.

Har zuwa 2022 yawan na'urorin GeneXpert a ƙasar bai kai yawan ƙananan hukumominta 774 ba. Domin cike giɓin, an fara shigo da Truenat, na'urar kamfanin Molbio na Indiya da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2020. Tana aiki da batir, tana jure zafi har digiri 40, ana kuma iya ɗaukar ta a jaka zuwa ƙaramin asibiti. Sai dai tana buƙatar hannun ma'aikaci fiye da GeneXpert, domin a na'ura ɗaya ake tace samfurin sannan a ɗebe shi da hannu a kai wa ta biyu, kuma ita ma kayan gwajinta da na gyaranta daga kamfani guda suke fitowa, da dala.